Baba Ƙamus da Kalmar da Na Ƙi Gyarawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wato manajanmu na yanzu, mai girma babban baƙo, tsohon Babban Injiniya, wanda ya taso takanas duk da ciwon gwiwar da ke damunsa, shugaban ƙungiyar ma'aikata da 'yan kwamitinsa, shugabannin sassa, matan sashen naɗe sabulu, waɗanda suka riga kowa zuwa suka kame kujerun gaba, mazan ɗakin tukunya, waɗanda yau na fara gani cikin fararen kaya, har na gaida biyu daga cikinsu da gaisuwar baƙi, direbobi, masu gadi da masu shara, uwargidan wanda muke karramawa, tare da 'ya'yansa da jikokinsa, sannan shi gogan da kansa, wanda ya shekara talatin da huɗu yana riƙe da ɗakin tukunyar tururi a wannan masana'antar sabulu, wanda sunansa na yanka ya ɓace mana tun da daɗewa, Baba Ƙamus, jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da wannan rana.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana yau da rai da lafiya. Ina godiya ga kwamitin shirya taro, da suka duba duk masoyan Baba, suka duba duk abokansa, suka tsallake su gaba ɗaya, suka zo suka ɗauko matar da ta fi kowa daɗewa tana faɗa da shi, suka ce ita za ta yi jawabin bankwana. Sun ba ni minti goma. Na karɓa da hannu biyu, kuma na yi alkawarin mayar musu da abin da ya saura, in ya saura.

Ga sababbin ma'aikata da ba su san ni ba, ni ce sakatariyar da ke ofishin sama, mai tsohuwar tafiretar nan da aka rufe da zani a kusurwa. Duk takardar da za ta fita daga masana'antar nan zuwa hedkwata, ta hannuna take bi. Malama Jan Biro ake ce mini. Wanda ya raɗa mini sunan ga shi nan zaune, ni kuma na rama na raɗa masa nasa, Baba Ƙamus.

Abubuwa uku zan faɗa. Biyun farko kowa ya san su. Na ukun ne ya hana ni sukuni tun da aka ce ni zan yi magana.

Na farko, Turancin Baba.

Baba bai wuce aji huɗu ba. Mahaifinsa ya rasu, aka cire shi daga makaranta aka kai shi gareji. Turancin da ya iya, a jikin injuna ya tsince shi, a littattafan umarni masu maiƙo, a rediyo, da bakin baƙon injiniyan da ya zo ya kafa mana tukunyar farko. Amma in ka ji yana yi, sai ka rantse shi ya koya wa masu harshen. Ba ya in'ina, ba ya neman kalma, ba ya cewa a gafarce shi. In kalma tana nan, ya yi amfani da ita. In ba ta nan, ya ƙera.

Ni kuwa na zo nan da takardar shaida mai hatimi, da ƙamus mai nauyin bulo, da jan biro guda uku. A makona na farko na sauko na tarar da sanarwa manne a bakin ƙofa, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa dole kowane ma'aikaci ya kasance “unlate”. Na tsaya na karanta sau uku. Mutumin ya ɗauki kalmar makara, ya liƙa mata kan da ke juya ma'ana, ya samu kalmar zuwa da wuri. Na ciro takardar, na zagaye kalmar da ja, na ja mata layi biyu, na mayar na manna.

Ba a yi rabin awa ba sai ga shi a ofishina, sifana na leƙowa daga aljihunsa.

Ya ce, “Malama, wa ya zubar wa takardata jini?”

Na ce, “Ni ce, Baba. Wannan kalmar babu ita a ƙamus.”

Ya ce, “Kin gane abin da take nufi?”

Na ce, “Na gane.”

Ya ce, “Masu gadi sun gane, direbobi sun gane, ke ma kin gane. Ashe ƙamus ne kaɗai bai gane ba. To shi za ki shafa wa jan, ba ni ba.”

Daga nan ya ja kujera ya zauna, ba tare da an ce ya zauna ba, ya yi mini darasin da har yau ban manta ba. Ya ce Turanci inji ne kamar kowane inji: akwai gangar jiki, akwai kai, akwai wutsiya. Ya ce duk bakaniken da zai zauna ya naɗe hannu don babu kayan gyara na kamfani, ba bakanike ba ne, ɗan kallo ne. In zaren noti ya hau, ka ɗaure kawai. In inji ya tashi, magana ta ƙare.

Da wannan aƙida Baba ya cika masana'antar nan da 'ya'yan da Turanci bai san ya haifa ba. Hutun cin abinci ya koma “eatment”. Wanda ya ɗage aikin yau zuwa gobe, an ce ya yi “tomorrowfy” ɗinsa, kuma na ji manajoji biyu da kunnena suna faɗar haka a waya. Takardar ban haƙuri ta zama “sorrytation”, kuma akwai mutane a ɗakin nan da suka rubuta ta fiye da sau biyar. Ba zan nuna kowa ba, amma ga wani can ya sunkuyar da kai. Malalacin da ya ƙware, wanda ya san inda inuwa take a kowace awa ta yini, Baba ya ba shi digiri, ya kira shi “lazyologist”. Da na gaya masa ba a cewa “teached”, sai ya tambaye ni me ya sa ake cewa “reached”. Na ce haka masu harshen suka tsara. Ya ce, “To a rubuta musu takardar tuhuma, don ba a yi wa injina biyu iri ɗaya noti daban-daban.”

Na biyu, yaƙinmu.

Shekara goma sha biyar muka yi muna gwabzawa, shi yana ƙerawa, ni ina gogewa. Shi yana mannawa, ni ina cirewa. Shi yana haifar kalmomi da safe, ni ina yi musu jana'iza kafin azahar. Ban taɓa cin nasara cikakkiya ba, shi ma bai taɓa sallamawa ba. Ranar da na sauya sanarwarsa ta bakin ƙofa da tawa, na sa kalmar “punctuality” mai tsafta, wato zuwa a kan lokaci, mata uku daga sashen naɗi suka hau sama suka tambaye ni ko sabuwar allura ce za a yi wa ma'aikata, kuma ko mai ciki za ta iya karɓa. Makara ta ƙaru a makon nan. Baba kuwa, duk lokacin da muka haɗu a matakala sai ya dube ni ya dubi agogonsa.

A ƙarshe muka yi sulhun da ba a rubuta ba. Ƙasa tasa ce: bango, ƙofa, allo, ya rubuta abin da ya ga dama. Sama tawa ce: duk abin da zai tafi hedkwata sai na wanke shi, na goge shi, na sa masa riga da hula. Kuma Allah ya sani, a raina ina ganin alheri nake yi masa. Ina ganin ni ce ke tsaye tsakaninsa da dariyar mutanen hedkwata. Ina ganin asirinsa nake rufawa.

Na uku, tukunya.

Tsofaffin cikinku za su tuna yadda ginin yake a wancan lokacin. Ɗakin tukunya yana nan, sashen naɗi yana jingine da shi, bango ɗaya ne tsakani, kuma a bayan bangon nan mata arba'in da biyu ne ke zaune a dogayen tebura suna naɗe sabulu, suna hira, suna waƙa. Ofishina kuwa yana saman ɗakin tukunyar daidai, har ƙafafuna kan ji ɗumi ta daɓe.

A shekararmu ta goma sha biyar, Baba ya fara jin wani sauti. Ba wanda ya ji sai shi. Yakan ɗora tsinin sukudireba a jikin tukunyar, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido, ya daɗe a haka kamar likita a ƙirjin marar lafiya. Ya je ya gaya wa manajan wancan lokacin, Allah ya ji ƙansa. Manaja ya sauko ya dubi ma'aunin ƙarfin tururi, ya ga allurar tana zaune lafiya a inda aka saba ganinta. Ya ce ba zai tsayar da aiki saboda kunnen mutum ɗaya ba, sai in hedkwata ce ta ce a tsayar. Ya ce Baba ya rubuta.

Baba ya rubuta. A rahoton wata na farko ya ce, da irin Turancinsa, tukunya tana tari cikin fushi. Na ce a raina tukunya ba ta da maƙogwaro, ba ta da zuciya. Na buga cewa ana kyautata zaton tukunyar za ta buƙaci kulawa a lokacin da ya dace. Jimlar ta yi kyau har na karanta wa kaina ita da ƙarfi. Hedkwata ta karɓa ta sa a fayil.

A wata na biyu ya rubuta cewa tukunya tana neman wanda za ta kashe. Na ce wannan ai ba maganar ofis ba ce. Na buga cewa akwai yiwuwar samun 'yar tangarɗa nan gaba, in ba a ɗauki matakin da ya kamata ba. Hedkwata ta karɓa ta sa a fayil.

A wata na uku ya hau da kansa, ya ajiye takardar a gabana, ya ce, “Malama, wannan karon ki bar ta yadda take.” Na ce, “Baba, ka bar ni in yi aikina. Aikina ne in rufa maka asiri.” Ya dube ni ya juya ya sauka. Na wanke takardar, na goge ta, na aika. Hedkwata ta aiko da amsa mai ladabi, tana yaba kyan rubutun rahotanninmu.

Sai wata ranar Litinin da hantsi. Ofishina cike: direbobi biyu suna jiran takardun fita, ga wani ɗan kasuwa da ya kawo samfurin kwali, ga mai kula da sito. Baba ya turo ƙofa ko sallama babu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ya ce, “Ku dube ta da kyau. Wannan ita ce mai Turancin akwatin gawa. Daga waje an goge shi yana ƙyalli, an sa masa hannaye na zinariya. Buɗe ka gani, babu mai numfashi a ciki. Shekara goma sha biyar tana binne mini magana. Da ita da takardar shaidarta, da sun faɗa ruwa, takardar kaɗai zan tsamo, don ita ko ba komai za a naɗe sabulu da ita.”

Direbobin suka juya suna kallon bango, kafaɗunsu na rawa. Ɗan kasuwan ya shiga duba kwalinsa kamar yau ya fara ganinsa. Baba ya jefa rahotonsa a kan tafireta ya fita.

Jama'a, ban taɓa jin zafi irin na ranar nan ba. Na buɗe takardar. Layi ɗaya ne tak: “The boiler is now explodacious.” Wato ya ɗauko kalmar fashewa, ya ɗaura mata wata doguwar wutsiya mai ja da ƙasa, irin wadda ba a taɓa gani ba a wannan harshe tun da aka fara shi.

Na ce a raina, to, Baba, yau zan bar ka da Turancinka. Na sa takarda da kabon har uku. Na buga layin nan harafi bayan harafi, ban taɓa ko ɗigo ba. Na buga sunansa da muƙaminsa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na aika kwafi ga ofisoshi uku maimakon ɗaya, don kada wani a hedkwata ya rasa rabonsa na dariya. Manaja ya sa hannu bai karanta ba, don ya saba duk abin da ya fito daga hannuna a wanke yake. Na kai wa direba da kaina, na ce kada ya tsaya ko'ina.

Abin da ya faru a can, daga bakin babban baƙonmu na ji shi daga baya, kuma ga shi nan, in na ƙara gishiri ya tsayar da ni. Akawun da ya buɗe wasiƙar ya duba ƙamus bai ga kalmar ba. Bai yarda ya ce bai sani ba, sai ya rubuta a gefe cewa lamarin na gaggawa ne, ya miƙa wa na sama da shi. Na saman ya duba nasa ƙamus ɗin, wanda ya fi girma, shi ma bai gani ba. Ya gaya wa abokin aikinsa cewa kalmar injiniyoyi ce, ta fito bayan ya bar jami'a, ya miƙa sama. Na gaba ya ce daga Latin take, ya miƙa sama. Kowa na tsoron a ce shi ne bai sani ba, kowa na tura ta gaba kamar garwashi. Wasiƙuna masu tsafta sun yi wata uku ba su hau bene ɗaya ba. Kalmar Baba ta hau bene huɗu cikin kwana biyu.

Da ta isa teburin Babban Injiniya, ya ce ya yi dariya har ya cire tabarau ya share hawaye. Sannan dariyar ta tsaya masa. Ya ce wa na kusa da shi, “Mutumin da ya duba duk kalmomin da ke akwai bai ga wadda ta ishe shi ba, har sai da ya ƙera tasa, me ya gani?”

Ni ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ranar Laraba jami'in ma'aikata ya bugo waya yana tambayar wace sakatariya ce ta bari wannan abin kunya ya fita da hatimin kamfani. Ya ce takardar tuhumata tana hanya. Ya kuma ce ana duba ko ya dace mutumin da ba ya iya rubuta jimla ɗaya ya ci gaba da shugabancin sashe. Na ajiye wayar. Dariya na so a yi masa, ban so a taɓa abincin 'ya'yansa ba. Na yi niyyar sauka in gaya masa, na kai rabin matakala, girman kai ya mayar da ni.

Ranar Alhamis da safe mota ta tsaya a tsakar masana'anta. Babban Injiniya ya fito, bai hau ofishin manaja ba, ya tambayi mai gadi, “Ina mai kalmar?” Aka kai shi ɗakin tukunya. Duk muka bi baya.

Ya ce, “Malam, kai ka rubuta wannan?”

Baba ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.”

“A ina ka samo ta?”

Baba ya miƙa masa sukudireba, ya nuna masa wani wuri a bayan tukunyar, ta jikin bango, ya ce, “A nan. Saurara, ita za ta faɗa maka.”

Babban Injiniya ya kara a kunnensa. Ban san me ya ji ba, amma na ga fuskarsa. Bai kai minti ɗaya ba ya ce a kashe wuta, a fitar da kowa daga ginin, a hankali, ba gudu. Washegari da tukunyar ta huce aka buɗe bayanta. Allurar ma'aunin nan da manaja ya dogara da ita, ashe ta daɗe da maƙalewa. Ko tukunyar na ci da wuta, nan za ka gan ta. Bawul ɗin da ya kamata ya saki tururi in ya yi yawa, tsatsa ta liƙe shi. A jikin ƙarfen kuma ga tsaga, tsawonta ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, tana fuskantar bangon nan.

Babban Injiniya ya kife bokiti ya zauna a kai. Ya tambaya su wa ke bayan bangon. Aka ce mata arba'in da biyu. Ya tambaya wa ke sama. Sai kowa ya juyo ya dube ni. Ya ce, “Da tukunyar nan ta kai mako guda, da ta yi ƙoƙari.”

Sannan ya tambaya me ya sa ba a sanar da hedkwata tun farko ba. Manaja ya ce an sanar, sau uku. Aka ce in kawo fayil. Ya karanta wasiƙuna uku. Ya ce yana son ganin abin da foman, wato Baba, ya rubuta da hannunsa. Ina da su a aljihun tebur, da jan birona a jikinsu. Ya jera su a kan benci, nawa a dama, na Baba a hagu, ya karanta wannan ya karanta wancan. Na tsaya ina jiran faɗa. Ya ɗago ya ce da ni cikin sanyin murya, “Malama, Turancinki yana da kyau ƙwarai.” Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara ke nan, kuma ina so ka sani har yau ba a taɓa yi mini zagi mai zafin wannan yabon ba.

Sauran kun sani. Aka rufe masana'anta kwana goma sha ɗaya, aka kawo sabuwar tukunya, aka mayar da sashen naɗi can ƙarshen fili. Takardar tuhumata ta ɓace a hanya. Kalmar Baba kuwa ta shiga fom ɗin hedkwata a matsayin mataki mafi girma na haɗari, tana nan har gobe. Bara wani sabon injiniya ya yi mini bayani da haƙuri cewa asalinta daga harshen Girka ne. Na gode masa.

Amma ga abin da ba ku sani ba. Baba ya bi sashe sashe yana gaya wa mutane cewa Malama Jan Biro ce ta yi jarumta, ta ga gaskiya ta bar maganarsa ta wuce, ta sa aikinta a haɗari don ta ceci rayuka. Matan sashen naɗi suka haɗu suka saya mini atamfa, suka hau sama suna yi mini addu'a, wata tana kuka. Na karɓa. Na ɗinka. Na sa ta a bikin 'ya'yanku. Shekara goma sha tara ina yawo da yabon da ba nawa ba. 'Yan'uwana mata, ku dube ni: ba don ku na bar kalmar nan ba. Don in kunyata shi na bar ta. Ku yafe mini.

Na ga bai kamata Baba ya fara jin wannan a bainar jama'a ba, don haka ranar Asabar da ta wuce, da la'asar, na je gidansa. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya wargaza fankar uwargida yana gyarawa, alhali ta ce mini lafiyarta ƙalau kafin ya taɓa ta. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi duk abin da na faɗa muku yanzu. Bai ɗago ba, yana ta ɗaure noti. Uwargida kuwa, da ta fito da shayi, sai da ta ajiye faranti a ƙasa ta dafa bango saboda dariya.

Ta ce, “Malam, za ka gaya mata ko in gaya mata?”

Ya ce, “Ke kika fi iya ba da labari.”

Ta ce, “'Yata, kwana uku muka yi muna haɗa zagin nan a ɗakin can. Na farkon da ya kawo ba shi da zafi, na ce wannan ko kaza ba zai kora ba. Akwatin gawa nawa ne. Shi nasa na naɗe sabulun ne kawai.”

Na juya na dubi Baba. Ya ce, “Wata uku ina aika wuta, kina zuba mata ruwa kafin ta fita ƙofa. Na roƙe ki, kika ce asirina kike rufawa. Na ga in dai kina tausayina, matan nan sun mutu. Sai na ce bari in nemi fushinki, ko shi zai bar ni in yi magana.”

Na ce, “To kalmar fa?”

Ya ce, “Ita ce ta fi ba ni wahala. Biyu na fara ƙerawa, na sa babbar 'yata ta duba mini a ƙamus ɗin makarantarsu, ta dawo ta ce duk suna ciki. Na ce ashe an riga ni, a zubar. Kalmar da ke cikin ƙamus, mutanen ofis sun san inda za su ajiye ta. Wadda ba su da wurin ajiyewa nake nema.”

Na ce, “Shi ne ka bar ni shekara goma sha tara ina jin kunya ni kaɗai?”

Ya ce, “Ai atamfar ta yi miki kyau. Miƙo min sukudireban can.”

Mai girma shugaba, wannan shi ne mutumin da muke sallama yau. Na zo neman gafara, na tarar ni ce aka yi wa wayo. Na zo da laifi a ka, aka ce mini tun farko a cikin shiri yake.

Ga matasan da ke aiki a ƙarƙashina, kada wani ya fita daga nan ya ce Malama ta halatta ɓarna. Jan birona yana nan a jaka, kuma ranar Litinin zan buɗe shi. Ku koyi harshen nan da kyau, ku koyi ƙa'idarsa, ku koyi rubutunsa. Abu ɗaya na ƙara: in mutumin da ya san aikinsa ya kawo muku magana a karkace, kafin ku miƙar da ita, ku tashi ku je ku ga abin da ya gani.

Kwamiti ya rubuta a allon bayana cewa Baba ya yi ritaya. Da safen nan ya kira ni gefe ya ce a gyara. Ya ce ya duba kalmar a Turance ya kwance ta, ya ga kan yana nufin sakewa, gangar jikin tana nufin gajiya, wato so muke ya je gida ya sake gajiya. Ya ce shi “untire” zai yi, wato zai warware gajiya. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na fasa. Mai fenti, in an tashi ka gyara allon.

Allah ya ba Baba hutu mai daɗi, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Allah ya ba uwargida haƙurin zama da shi yini guda cur, ya kare fankokinta da rediyonta da keken ɗinkinta daga hannunsa. Allah ya raya 'ya'ya da jikoki, ya sa su gaji kunnensa da zuciyarsa. Allah ya ji ƙan waɗanda muka fara aikin nan tare ba su kai yau ba. Allah ya tsare wannan masana'anta da duk mai neman abincinsa a cikinta, na sama da na ƙasa, na gaban bango da na bayansa. Allah ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya.

Na gode.